TSOHON SIFIRIN BA BOLA BA NE

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Ikorodu da hantsi, ko kuwa a gindin gadar Oshodi lokacin tashi daga aiki, ya zuba wa motocin da ke wucewa ido, zai tarar da wuya a ƙirga goma ba a sami mai tabo ba. Wannan ƙofarta ta lotsa, waccan an daki ƙeyarta, waccan kuma danfo ta goge mata haƙarƙari tun daga fitilar gaba har ta baya. Haka abin yake a Badun, haka yake a Anaca da Fatakwal. Inda motoci suka yi yawa, hanya ta yi kaɗan, haƙurin direbobi kuma ya fi hanyar ƙaranci, to lotsewar mota ba za ta yanke ba. Kowace lotsewa kuwa abincin wani ce, watau mai gyaran jikin mota, wanda aka fi sani da fanibita.

Har ila yau ga motocin tokumbo da ke sauka a Apapa da Tin Can. Da yawa daga cikinsu an sayo su ne a gwanjo a Amurka bayan sun yi haɗari, don sun fi araha, kuma tilas su bi ta hannun fanibita da mai fenti kafin a jera su a Berger a yi musu kuɗi. Saboda haka ba a maganar rashin aiki a wannan sana'a. Abin da ke akwai shi ne in mutum ya shiga garejin Ikko ko na Badun, da wuya ya ji Hausa daga bakin wanda ke riƙe da guduma. Hausar da zai ji ta mai gadi ce, ko ta mai shayi a bakin ƙofa, ko ta yaron da ya turo baro yana neman tsofaffin ƙarafa.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun daga 1 ga Yuni, 2022, ranar da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sa'an nan a watan Satumba na shekarar ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. An kama babura, an murƙushe su a bainar jama'a. Kowa ya san 'ya'yan waɗanne mutane ne suka fi yawa a kan baburan nan. Wasu sun koma gida, wasu sun gangara ƙauyukan Jihar Ogun, wasu kuwa suna nan a Agege da Idi-Araba, majiya ƙarfi, ba su da abin yi sai abin da rana ta kawo. In an ce da ɗayansu ya je ya koyi sana'ar hannu, amsar da ya fi bayarwa ita ce ko ya koya ina kuɗin kayan aiki?

Ba a ce tambayar ba ta da tushe ba. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Duk abin da ke shigowa ta jirgin ruwa ya bi ta, har da akwatin gudumomin fanibita. Masu kyau daga cikinsu sun fi ƙarfin ɗan koyo, masu arahar kuwa sau da yawa zubin banza ne, ana dukan farko fuskarsu ta tauye ko ta ɓantare. To amma tambayar ta ɓoye wani abu guda, wanda tsofaffin masu sana'ar suka sani tun zamanin Fijo 404: mafi yawan kayan aikin fanibita ba saye ake yi ba, ƙerawa ake yi. Abin da ake ƙera su da shi kuwa yana cikin baron yaron nan mai neman tsofaffin ƙarafa.

A nan abin takaicin yake. Cinikin gwangwan a Kudu, tun daga mai zagaya unguwa har mai sikeli, 'yan Arewa suna da babban hannu a ciki. Su ke tattara karyayyen sifirin na a-kori-kura da na manyan motoci, da shaf na ƙafar baya, da tsohon magagari, da kan masaba da ƙotarta ta karye. Duka sai a haɗa su da ruɓaɓɓen kwano da gwangwanin madara, a auna a kan kilo, a loda wa tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Ikorodu da Ogijo, a mai da su rodin gini. Alhali kuwa ƙarfen sifirin ba irin na rodi ba ne. Ƙarfe ne da aka haɗa musamman don ya lanƙwasa ya miƙe sau dubbai ba tare da ya gaji ba, yana karɓar wuta, yana shan ruwa, yana riƙe taurinsa. Maƙeran Arewa sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke neman sifirin ido rufe don yin wuƙa da adda da gatari. Sayar da shi a farashin bola kamar sayar da ingarma ne a farashin jaki.

Kayan da fanibita ke bukata don fid da lotsewa ba su da yawa. Na farko guduma marar nauyi mai faffaɗar fuska. Na biyu dunƙulen ƙarfen da ake tokarawa ta bayan bodi yayin da ake bugu ta gaba, wanda masu sana'ar ke kira doli. Na uku wani ƙarfe mai faɗi da mariƙi, da ake kira cokali, wanda ake marin bodi da shi don dukan ya bazu maimakon ya taru wuri ɗaya. Sauran su ne gudumar katako, da sandunan ƙarfe masu lanƙwasasshen kai na zurawa cikin ƙofa, da magagarin da ke nuna inda tudu da kwari suke.

A ɗauki cokali, tun da shi ne ya fi nuna amfanin sifirin. Ana zaɓen ganye ɗaya mai faɗin inci 2 ko 2 da rabi, a yanko kamar inci 14. Wajibi ne a kankare tsatsar a duba shi da kyau, musamman kusa da ramin ƙusar tsakiya, domin tsohon sifirin yakan ɓoye siririn tsagu, kuma wanda ya tsage ba ya gyaruwa, sai dai ya karye a hannun mai shi. Daga nan sai wuta. In ya yi ja sai a miƙar da shi a kan uwar maƙera, a lanƙwasa shi sau biyu wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, yadda mariƙin zai ɗaga sama, yatsun mai aiki ba za su riƙa dukan mota ba. Gefunan fuskar kuma a kashe musu kaifi, a zagaye su, don kaifi ɗaya da aka manta ya isa ya zana layi a ƙofar mutane.

Shayarwa ita ce inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ana mai da ƙarfen wuta har ya kai jan da mayen ƙarfe ba ya kama shi, abin da ke faruwa wajen digiri 770 a ma'aunin zafi, a ƙara masa kaɗan, sa'an nan a tsoma shi cikin mai. Ba a tsoma sifirin a ruwa, don sanyin ruwa ya yi masa gaggawa, yakan tsage. In ya fito daga mai ya yi tauri ƙwarai, amma taurin gilashi ne, in aka buga zai fashe. Saboda haka sai a goge fuskar ta yi fari, a riƙa gasa shi sannu a hankali ana kallon launi yana tafiya a kansa: da fari ruwan busasshiyar ciyawa, sa'an nan ƙasa-ƙasa, sa'an nan shuɗi, wajen digiri 300. A nan ake tsayawa. Babu maƙerin Kano ko na Sakkwato da zai ji wannan bayani ya ce an zo masa da sabon abu. Shi dai bai san lambobin ba, amma idonsa ya san launin.

Aikin da ya rage shi ne wanda samari suka fi ƙi, watau gogewa. Fuskar cokali da ta guduma da ta doli dole su yi sumul kamar madubi, a bi su da dutsen wasa, a bi da samfefa mai kaushi, a gama da mai laushi. Dalili kuwa shi ne bodin mota ya fi kayan aikin taushi, duk wani tabo da ke fuskar guduma zai koma jikin motar a kowane bugu, kamar hatimi a kan takarda. Fanibitan da ake ganin yana sare ƙusa ko yana dukan kurfi da gudumarsa ta gyaran bodi, a ɗauke mota daga wurinsa.

Doli ba ya bukatar wannan wahala duka. Guntun shaf mai kauri, ko kan tsohuwar masaba, ko wani dunƙulen ƙarfe da ya cika tafin hannu, ya wadatar, muddin ya fi gudumar nauyi sau biyu ko uku. Ana wasa masa fuskoki daban-daban, wata kusan shimfiɗaɗɗiya, wata mai doro, wata mai siririn baki na shiga kusurwa. A nan ne ma na gida ya fi na kanti. Wanda ya zo a akwati an yi shi ne don kowace mota, wanda mutum ya wasa da hannunsa kuwa ya yi shi ne daidai da ƙugun Corolla ko na bas ɗin da ke shigo masa kullum, kuma in gobe wata mota ta zo da lungun da babu abin da ke shiga, sai ya koma wuta ya yi mata nata. Gudumar ma haka: ta kasuwa ce ake wasa fuska ɗaya ta kusa shimfiɗewa, ɗaya gefen a fiƙe shi, ana yi ana tsomawa a ruwa don kada zafin wasawa ya kashe mata tauri. Sandunan zurawa cikin ƙofa ana samunsu daga siraran ƙarafan da ke ɗaga murfin but na tsofaffin motoci. Kututturen itace da aka fafe kamar turmi, da jakar fata cike da yashi wadda kowane baduku zai ɗinka, su ne matashin da ake ɗora ɓangaren da aka kwance.

Amma kada wani ya ɗauka mallakar kayan ita ce sana'ar. Lotsewa tana da tsari. Akwai inda abin ya daka, akwai kuma ƙunyar da ta taso kewaye da wurin, kuma ita ƙunyar ce ke riƙe da sauran ƙarfen a karkace. Ɗan koyo yakan nufi tsakiyar ramin ya yi ta dukansa daga ciki. Gwani kuwa yakan fara daga gefe, inda ɓarnar ta ƙare, ya bi ta a hankali zuwa inda ta fara. In ya tokara doli a ƙarƙashin kwarin ya buga tudun da ke kusa, sai tudun ya sauka, kwarin ya taso, wani lokaci ma rabin lotsewar ta koma da kanta. In kuwa ya haɗa guduma da doli a wuri ɗaya, ƙarfen na tsakani, za a ji ƙara mai tsini, kuma kowane irin wannan bugu yana ƙara wa ƙarfen faɗi yana rage masa kauri. Bodin motocin yanzu bai kai milimita 1 ba, galibi wajen 0.7 ne, saboda haka ba ya jure haka. In ya buɗe ya wuce kima sai ya riƙa shiga yana fita kamar murfin gwangwani, dole sai an gasa wuri mai faɗin kwabo ya yi ja, a tattara shi da guduma, a sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma, kafin ya tsuke. Wannan ilmi a gaban maigida ake samunsa, shekara da shekaru, ba a maƙera ba.

Wanda bai samu ilmin ba, ko ya samu ya ga hanyar ta yi masa tsawo, shi ne ke fakewa da foti. A ɗan daddaki ramin, a cika shi da foti kamar mai yaɓen ɗaki, a goge, a fesa fenti, mai mota ya biya yana murna. Foti an yi shi ne don ya rufe ɗan abin da guduma ta bari, kauri kamar na kwali. In ya kai kaurin yatsa, rana ta gasa shi, ramukan titi suka girgiza shi, sai ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, iskar Ikko mai gishiri ta ƙarasa aikin. Masu sayen mota da suka waye suna yawo da mayen ƙarfe a aljihu, inda ya ƙi kamawa sun san abin da ke ƙasa. Wannan ha'inci ne, ko da sunan sana'a aka yi shi, kuma baƙon da ke neman suna a garin mutane shi ya fi kowa bukatar ya nisance shi, domin in ɗan gari ya yi za a ce wane ne, in baƙo ya yi za a ce su wane ne.

Akwai kuma iyakar da kayan gida ba sa ƙetarewa, kuma gara a faɗe ta. Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ana iya gasa ta a miƙe ta kusan ko'ina. Motocin yanzu ba haka suke ba. Ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da ƙarafan da ke kare fasinja an yi su da wani ƙarfe mai tsananin ƙarfi wanda wuta ke kashewa. In aka gasa shi aka miƙe zai yi kyau a ido, amma ranar haɗari zai naɗe kamar tabarma da mutane a ciki. Irin wannan canja shi ake yi. Wasu motocin kuma jikinsu na alminiyam ne, kamar Ford F-150 tun daga ƙirar 2015. Shi alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, kuma yana son kayan aikinsa daban, don ɓurɓushin baƙin ƙarfe in ya shige shi yakan ci shi a ƙarƙashin fenti. Sai kuma lafiyar mai aikin kansa: tsohon magagari da ba a sassauta masa tauri a wuta ba, in aka mare bodi da shi yana iya tarwatsewa, haka nan in aka gwara fuskokin guduma biyu. Tabarau na kare ido bai kai kuɗin kwano biyu na abinci ba, ido kuwa ba a sayar da shi a Ladipo.

Wani abin da ke hana ruwa gudu ba kuɗi ba ne, girman kai ne. A Arewa ƙira sana'ar gado ce, kuma har yanzu akwai saurayin da zai yarda ya kwana a kan benci yana gadin gidan wani, amma ba zai yarda a gan shi gaban zuga-zugi ba, wai shi ba ɗan maƙera ba ne. Mutanen Nnewi ba su tsaya tambayar gadon kowa ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 sun kama cinikin kayan mota, cikin shekarun 1980 suka fara ƙera wasu da kansu, yau ana harhaɗa mota sukutum a garin. A Suame ta Kumasi ma, da Panteka ta Kaduna, abin da ya tara dubban masu sana'a wuri ɗaya shi ne sanin yadda ake mai da tsohon ƙarfe sabon abu. Hausawa da kansu suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ɗan koyon da ke jiran aron guduma daga na gaba da shi ya san gaskiyar maganar tun kafin azahar.

Abin da ya rage ya rataya ne a wuyan shugabanni. Maigidan gareji a ƙasar Yarbawa ba ya ɗaukar yaro haka kawai. Yana son wanda zai tsaya masa, a rubuta yarjejeniya, a san shekarun koyo da abin da za a biya ranar yaye. Yaron da iyayensa ke Jigawa ko Zamfara ba shi da wannan mai tsayawa, kuma a nan ne ya kamata Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu su shigo, su zauna da shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a yankunansu, su karɓi lamunin yaran da suka sani. Hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, wadda aka kafa a 1986, da asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda ke nan tun 1971, an yi su ne don irin wannan, kuma ɗan Nijeriya da ke zaune a Mushin yana da haƙƙi a ofishinsu na Ikko kamar kowa, ko daga ina aka haife shi. In yaro ya gama, a tura shi ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, don ya sami takardar da kamfani zai duba.

Maƙeran Arewa da ke zaune a zangunan Kudu suna yin wuƙaƙen mahauta da murhun gawayi, su ma ga kasuwa a gabansu. Wanda ya iya shayar da adda ba zai kasa shayar da cokalin fanibita ba, in aka kawo masa samfur ya gani. Su kuma masu sikeli, a Owode Onirin da sauran wuraren tara ƙarafa, ba abin da zai rage musu in suka ajiye ganga ɗaya a gefe suna jefa lafiyayyen sifirin da shaf da magagari, su sayar wa mai ƙira a farashin da ya fi na kilo. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba ne: a san inda kowane ƙarfe ya fito. Guntun ƙarfen dogo yana yin uwar maƙera mai kyau, kowa ya sani, amma dukiyar hukumar jiragen ƙasa ce, kuma wanda aka kama da shi ba takarda, daga caji ofis sai kotu. Haka murfin kwalbati da ƙarfen gada. Mai saye ya nemi rasit, mai sayarwa ya rubuta, a ajiye shi cikin akwati ɗaya da kayan aikin.